Tsohuwar Fijo 504 Ta Abule Egba: Kada Mu Sayar Da Tarihi A Kan Sikeli

Gabatarwa

Hausawa na cewa wai kowa ya tuna bara, bai ji daɗin bana ba. Na san da wannan karin magana, kuma na san wasu daga cikin 'yan'uwana ɗalibai za su jefe ni da shi da zarar sun ga kan wannan rubutu. To amma ina roƙon mai karatu ya yi mini uzuri ya biyo ni a sannu, domin abin da ya sa na ɗauki alƙalami yana nan tsaye a kan tayoyinsa huɗu a wani gareji da ke unguwarmu ta Abule Egba a jihar Legas. Wata tsohuwar mota ce ƙirar Peugeot 504, wadda Bahaushe ke kira Fijo, irin ƙaramar nan mai ƙofa huɗu da but a baya da ake ce wa salun. 'Yan gwangwan sun riga sun zo sun zagaya ta, sun ƙwanƙwasa jikinta, sun yi mata kuɗi. Idan mai ita ya sallama, za a sassare ta a ɗora a sikeli, a kai ta inda ake narka ƙarfe ta koma rodin gini.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne bai kamata a bari hakan ta faru ba. Zan kawo tarihin wannan samfurin mota a fagen tsere, da alaƙarta da Kano da Kaduna, sa'annan in dubi hujjojin masu cewa a sayar, in kuma nuna inda abin ya shafe mu, mu ɗaliban harshe.

Motar Da Mai Ita

Garejin da nake magana a kai yana bayan babban titin da ya tashi daga Legas zuwa Abekuta, ba nisa da kasuwar gwanjo ta Katangowa. Tun ina ɗan firamare nake wucewa ta gabansa, kuma tun lokacin motar tana nan a ƙarƙashin rumfar kwano. Fentinta ya koɗe, tsatsa ta ci ƙasan ƙofofin baya, amma zakin nan na kamfanin Fijo yana nan a goshinta. Giyarta a jikin sitiyari take, ba a ƙasa ba. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne har yanzu tana tashi. Duk ranar Juma'a da safe mai ita kan zo ya ɗaura mata batir, ya zuba ɗan fetur, ya tayar da ita ta yi ƙugi na 'yan mintoci, sa'annan ya kashe.

Mai motar wani dattijo ne Bakatsine da ya sauka Agege tun yana saurayi, a zamanin da jirgin ƙasa ke sauke shanu yana ɗaukar goro. Ya yi yaron mota, ya zama direba, daga bisani ya sayi wannan Fijo a gwanjon motocin gwamnati. Da ita ya yi shekaru yana jigilar fasinja daga Ikko zuwa gida: Badun, Oyo, Ogbomoso, Ilori, a haye gadar Jebba, a bi ta Mokwa da Tegina da Birnin Gwari, a ɓulla Funtuwa, a kwana Katsina. Da kuɗin da ta kawo ya yi aure, ya gina gida, ya sa 'ya'yansa a makaranta.

Wata rana na gaishe shi na ce, "Baba, me ya sa har yanzu ba ka rabu da wannan mota ba?" Bai ce mini komai ba, sai ya buɗe aljihun motar ya ciro wani tsohon hoto da aka yanko daga mujalla. Hoton wata Fijo 504 ce ta yi kaca-kaca da laka, da lamba a jikin ƙofarta, da manyan fitilu an jera mata a gaba. Ya ce, "Ɗana, ka ga wannan? Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da tawa. Wannan ta yi tsere da motocin Turawa ta cinye su. Kai da kake jami'a, je ka bincika ka gani ko ƙarya nake yi." Na je na bincika, kuma Baba bai yi ƙarya ba.

Fijo 504 A Fagen Tsere

Kafin in shiga tarihin, ya kamata a bambance tseren motoci iri biyu. Akwai wanda ake yi a kewayayyen fili mai kwalta, motoci su yi ta zagaye. Akwai kuma na dogon zango, wanda ake bin hanyoyin da jama'a ke bi, ta daji da dutse da rafi, ana auna lokacin da kowace mota ta ɗauka daga wannan zango zuwa wancan. A irin wannan, mutum biyu ne a mota: direba da mai karanta masa hanya. Wanda ya fi kowa ƙarancin makara shi ne zakara. A nan ne Fijo ta yi suna.

An fito da 504 a Faransa a shekarar 1968, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana siffarta, kuma a 1969 aka zaɓe ta motar shekara ta nahiyar Turai. Ta tarar da yayarta, wato 404, ta riga ta share mata fage a Afirka, domin 404 ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka har sau huɗu, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968. Ita wannan gasa ta Safari an fara ta ne a 1953 domin bikin naɗin Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu, kuma tsananinta ya kai a ce a 1963 motoci bakwai kacal suka kai ƙarshe.

Abin da ɗalibai da yawa ba su taɓa ji ba shi ne irin wannan tsere ya taɓa zuwa har ƙasar Hausa. A shekarar 1974, albarkacin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya da aka yi a Jamus ta Yamma, an shirya wani gagarumin tsere daga Landan zuwa Munich, amma aka ce sai an ratsa hamadar Sahara ta Aljeriya da Nijar an zo Kano, sa'annan a juya. Wani kuskure da aka samu a takardar bayanin hanya ya sa akasarin motocin suka ɓata a cikin hamadar Aljeriya. Motoci 19 ne kawai suka isa Munich, kuma 'yan kaɗan daga cikinsu ne suka cika dukkan zangon. Wasu 'yan Ostireliya ne suka zo na ɗaya a cikin Citroën, amma ta biyu da ta uku da ta huɗu duk Fijo 504 ne. Wadda ta tuƙa ta biyun ma mace ce Bafaranshiya mai suna Christine Dacremont.

Shekarar 1975 kuwa ita ce shekarar da 504 ta ci kasuwarta. A gasar Safari ta Kenya, mai tsawon fiye da kilomita 5,000, Ove Andersson da Arne Hertz, mutanen Suwidin, suka zo na ɗaya a cikin 504 salun. Motocin da suka zo na biyu da na uku ƙirar Lancia Stratos ne, wato mota mai kujera biyu da injin Ferrari, wadda tun farko domin tsere aka ƙera ta, kuma ita ce ta riƙe kambun duniya a 1974 da 1975 da 1976. Ga shi kuwa motar kai yara makaranta ta bar ta a baya. A shekarar dai, Hannu Mikkola na Finlan ya ci gasar Maroko da 504, mai karanta masa hanya kuwa shi ne Jean Todt, wanda daga baya ya shugabanci hukumar tseren motoci ta duniya daga 2009 zuwa 2021. Kafin shekarar ta ƙare, Bernard Consten ya ci gasar Bandama ta ƙasar Kwaddibuwa, ita ma da 504. Manyan gasannin Afirka uku ke nan a shekara guda.

Gaskiya ɗaya ce, motocin da suka yi tseren ba haka aka ɗauko su daga shago ba. An ƙara wa injinsu ƙarfi, an yi musu kejin ƙarfe a ciki domin kare direba idan mota ta wuntsila, an sa musu faranti a ƙarƙashin inji saboda duwatsu. Amma ƙashin bayan motar bai canza ba. Tayoyin baya ne ke tura ta. Sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa baya tana cikin wani bututun ƙarfe da ke kare ta. Sifirin da shakazobarta suna da dogon zango, ta yadda taya kan faɗa rami ta fito ba tare da cikin motar ya daki ƙasa ba. Injinta mai silinda huɗu, wanda bai wuce lita biyu ba, ba shi da wani surƙulle. Stratos ta fi ta gudu nesa ba kusa ba, to amma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Waɗannan siffofi da suka ba ta nasara a lakar Kenya, su ne suka kai Baba Katsina suka dawo da shi shekara da shekaru a kan hanyar Tegina.

Daga Faransa Zuwa Kakuri

A shekarar da 504 ke cin waɗannan gasanni, wato 1975, a shekarar ce aka buɗe masana'antar harhaɗa Fijo a unguwar Kakuri da ke Kaduna, a zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon. An yi rajistar kamfanin tun 1972, a matsayin haɗin gwiwa tsakanin gwamnatin Nijeriya da kamfanin Peugeot. Wani abin sha'awa shi ne yadda kayan ke isowa. Saboda cunkoson da tashar jiragen ruwa ta Legas ta yi fama da shi a wancan zamani, ta jirgin sama aka riƙa ɗauko sassan motar daga birnin Lyon a sauke a filin jirgin sama na Kano, sa'annan manyan motoci su kwasa zuwa Kaduna. Ke nan motar Baba ta sauka Kano a cikin akwatuna, aka ɗaura ta a Kaduna, ta yi aikin gwamnati, ta zo ta tsufa a Abule Egba.

Bayan kisan Janar Murtala Muhammed a 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta ci gaba da manufar rage almubazzaranci, inda 504 ta zama motar manyan jami'an gwamnati. Daga nan ta zama motar kowa: ta babban sakatare, ta shugaban makaranta, ta 'yan sanda, ta ɗaukar amarya, ta tasi mai launin rawaya a titunan Legas. Ba ita kaɗai ake harhaɗawa a ƙasar nan ba a lokacin. Akwai Volkswagen a Ojo ta nan Legas, da Leyland a Badun, da Steyr a Bauci, da Fiat a Kano, da manyan motocin Marsandi a Inugu. Faɗuwar darajar naira bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, da kwararowar motocin gwanjo da mu a nan Legas muke kira tokumbo, su suka durƙusar da akasarin waɗannan masana'antu. Duk da haka, a Turai an daina ƙera 504 salun tun 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Nijeriya na cikin wuraren ƙarshe a duniya da aka ƙera wannan mota.

Wani abin da ya ba ni dariya a cikin binciken shi ne, Ove Andersson ɗin nan da ya ɗaukaka Fijo a 1975, shi ne ya kafa ƙungiyar tseren kamfanin Toyota a Turai ya kuma shugabance ta. Toyota kuwa ita ce ta zo ta ƙwace tashoshin motarmu daga hannun Fijo.

Hujjojin Masu Cewa A Sayar

Ba zan yi wa mai karatu adalci ba idan na ɓoye cewa masu son a sayar da motar suna da hujja. Na farkonsu 'ya'yan Baba ne, kuma ba mutanen banza ba ne. Suna cewa ana biyan kuɗin wurin da take tsaye, ga tsufa ya kama mahaifinsu yana bukatar magani, ga fetur ya yi tsada tun da aka janye tallafi a watan Mayun 2023. Motar da nauyinta ya haura tan guda, ko a kilo aka saye ta, kuɗin zai yi wani abu. Wannan magana ce mai nauyi, kuma ni ban isa in ce wa iyali su zauna da yunwa domin in sami abin kallo ba. Amsata ita ce, nauyin adana tarihin al'umma bai kamata ya faɗa a wuyan tsoho guda ba. Idan motar ta cancanci a ajiye ta, to a saye ta daga hannunsa da farashin da ya fi na 'yan gwangwan. Su ma 'yan gwangwan ba abokan gaba ba ne, sana'arsu suke yi, kuma suna rage wa gari tarkace. Laifin namu ne da ba mu taya ba.

Hujja ta biyu na ji ta ne daga bakin wani abokin karatuna, wanda ya ce ai motar Faransawa ce, ina ruwanmu da ita? Na ce masa, ashe shayi da burodi namu ne tun asali? Ashe keken ɗinki da agogo a Kurmi aka ƙirƙiro su? Abu yakan zama na mutane ne idan sun yi rayuwa da shi, sun raɗa masa suna, sun san cutarsa da maganinsa. Hannun 'yan Nijeriya ne ya ɗaura ta a Kakuri, kanikawanmu ne suka riƙe ta da rai shekaru arba'in da wani abu, wani lokaci da kayan da suka ƙera da kansu. Bayarabe ya kira ta Pijo, Bahaushe ya kira ta Fijo. Wanda duk ya raɗa wa yaro suna, yana da haƙƙi a kansa.

Hujja ta uku ita ce ta fi ƙarfi a wurina. Masu ita suna cewa kewar da muke yi ta rufe mana ido, domin wannan mota ta ci rayuka. Haka ne. Direbobin haya sun riƙa yin nasu tseren a kan hanya, kowa na son a ce shi ya riga isa, a cikin motar da ba ta da jakar iska, fasinja kuma ba ya ɗaura bel. Yawan haɗurra a hanyoyinmu ne ya sa aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, wadda Farfesa Wole Soyinka ya fara shugabanta. Baba da kansa yakan lissafa abokansa da suka tafi ba su dawo ba. Saboda haka ni ba na kiran a mayar da 504 tasha ta ci gaba da lodi. Cewa nake yi a ajiye ta a ba da labarinta dukkansa, mai daɗi da marar daɗi, har da bambancin da ke tsakanin tseren da aka tsara da kejin ƙarfe da hular kwano, da gangancin da ake yi da rayukan fasinja.

Yadda Wasu Suka Yi Da Nasu

A garin Sochaux na Faransa, inda babbar masana'antar Fijo take, kamfanin ya buɗe gidan tarihi tun 1988, kuma a cikin abin da ya adana har da motocinsa na tsere. A Kenya kuwa, tun 2003 aka farfaɗo da wata gasar Safari ta tsofaffin motoci zalla, inda ake gyara motocin wancan zamani su sake bin hanyoyin da suka bi a da, mutane na zuwa kallo daga ƙasashe daban-daban. Su a wurinsu da tsohuwar zuma ake magani.

Mu ma ba a ce ba mu iya adanawa ba. A gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a nan Legas, akwai baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976, da ramukan harsashi a jikinta. Duk ɗan makarantar da aka kai ya gan ta ba ya mantawa, domin gani ya kori ji. A Umuahia akwai gidan tarihin yaƙi da ke ɗauke da motocin yaƙin basasa. A Ebute Metta akwai gidan Jaekel, inda aka tara kayan tarihin jirgin ƙasa. Sai dai idan mai karatu ya lura, motocin da muka fi sani a gidajen tarihinmu na kisa ne da na yaƙi. Ina motar da ta kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare? Ina wadda ta kai ɗalibi jami'a da akwatinsa na kwano? Ita ma rayuwar yau da kullum tarihi ce.

Haka kuma ba a ce ba mu da al'adar tseren mota ba. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, ya daɗe yana haɗawa da ayarin tseren motoci. A bikin 2020 ayarin ya tashi ne daga Abuja, da motocin da aka harhaɗa a cikin gida. Mai karatu ya ƙiyasta yadda abin zai ƙayatar a ce wata gyararriyar 504 ta Kaduna ce ke jan gaban irin wannan ayari.

Ina Ruwan Ɗalibin Harshe?

Wataƙila wani ya ce wannan magana ta 'yan sashen tarihi ce ko ta injiniyoyi. A ganina ta shafe mu kai tsaye, domin duk abin da ya ɓace yakan tafi da kalmominsa. Zaman da na yi a garejin nan ya koya mini darasin aron kalmomi fiye da yadda na zata. Dubi yadda Hausa ke raba baƙaƙen da suka cunkushe ta hanyar saƙa wasali a tsakaninsu: birki, kuloci, fulogi, sifana, sitiyari. Dubi yadda ta mayar da sautin da ba ta da shi zuwa wanda take da shi, har Peugeot ta zama Fijo. Dubi lagireto da kafireto da salansa da totur, waɗanda suka rikiɗe har mai Ingilishi ba zai gane nasa ba. Mafi ban sha'awa ita ce kalmar bakanike. Bahaushe ya ji kalmar Ingilishi, ya ɗauki gaɓarta ta farko tamkar ɗafa-goshin nan na "ba-" da ke cikin Bakano da Bakatsine, sai ya yi mata jam'i ya ce kanikawa, kamar yadda yake cewa Kanawa. Idan kuma aka tsallaka Maraɗi, sai a ji buji a maimakon fulogi, da kamyo a maimakon babbar mota, domin su daga Faransanci suka ara.

To motocin yanzu ba su da kafireto, na'ura mai ƙwaƙwalwa ce ke raba musu mai. Yaran garejin da ke koyon aiki yau, da yawansu ba su taɓa kwance kafireto ba, kuma kalmomin da suke amfani da su na Ingilishi ne tsagwaronsa ko na Burokin. Ƙamusun Bargery na 1934 ya riga zamanin Fijo. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 da na Paul Newman na 2007 sun kawo kalmomin mota da dama, amma babu ƙamus na gama-gari da zai iya kwashe duk abin da ke bakin tsohon direba: sunayen da suke laƙaba wa motoci, kirarin da suke yi musu, zaurancen tasha, da habaicin da ke tsakanin direba da ɗan kamasho. Marigayi Ɗanmaraya Jos ya ga darajar wannan rayuwa har ya yi wa karen mota waƙa. Mu da muke neman batun kundin digiri, ga batu nan a ƙofar gidanmu, musamman irin Hausar da ake yi a Agege da Abule Egba, inda take gogayya da Yarabanci kullum.

Shawarwari

Na farko, ina kira ga Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, da kamfanonin da suka gaji harkar Fijo a Kaduna, da su nemi 504 salun ƙirar Kakuri ko da guda biyu ce, su saya, su gyara. A ajiye ɗaya yadda ta fito daga masana'anta, ɗayar kuma a shirya ta da siffar ta tseren 1975, a rubuta bayaninsu da Hausa da Yarabanci da Ibo da Ingilishi. Gidan Makama a Kano, ko Gidan Arewa a Kaduna, ko Onikan, duk sun dace.

Na biyu, ƙungiyoyin direbobi da na kanikawa, da shugabannin al'ummar Hausawa na Agege da kewaye, suna da ƙarfin da za su haɗa kuɗin sayen mota guda ba tare da sun jira gwamnati ba. Tarihin sana'arsu ne, su ya fi kamata su fara.

Na uku, mu ɗalibai, abin da ke hannunmu shi ne alƙalami da wayar salula. Kowannenmu yana da tsohon direba ko bakanike a unguwarsu. A je a gaishe su, a nemi izininsu, a naɗi muryarsu, a ɗauki hoton motocin da takardunsu, a rubuta kalmomin da ma'anarsu. Ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa za ta iya tara abin da aka samu ta fitar da ɗan ƙaramin ƙamus na kalmomin gareji da tasha. Wannan ba ya bukatar kasafin kuɗi.

Kammalawa

A wannan maƙala na yi ƙoƙarin nuna cewa tsohuwar Fijo 504 da muke wucewa a gareji ba tarkace ba ce kawai. 'Yar'uwar motar da ta ratsa Sahara ta zo Kano ce a 1974, wadda ta ci Safari da Maroko da Bandama a 1975, kuma shaida ce ta zamanin da ƙasar nan ke harhaɗa motar da shugabanta ke hawa.

Ni dai na fara nawa. Na zauna da Baba sau uku, na naɗi hirarmu, na cika rabin littafi da kalmomi. A zamanmu na ƙarshe ya gaya mini cewa ya roƙi 'ya'yansa su ba shi zuwa bayan Babbar Salla, idan ba a sami wanda zai saye ta ya riƙe ba, zai sallama wa masu sikeli. Da zan tafi sai ya miƙo mini hoton nan na aljihun mota ya ce, "Riƙe wannan, ɗana, kai ka san abin da ke ciki yanzu." Hoton yana wurina, motar kuma tana nan a rumfarta zuwa lokacin da aka ɗiba. Duk wanda ya san wani mai hali ko wata hukuma da za ta iya taya ta, ƙofar ƙungiyarmu a buɗe take. Allah ya sa a dace.